Ranar Da Gwaggo Ta Yi Shiru A Challawa

Ku matso ku ji, don na gaji da tsintar labarina a bakin mutanen da ba a gabansu aka yi ba. Kai Sani, na ji ka gaya wa abokanka wai barci na yi a bakin aiki aka kore ni daga kamfanin jima. Ke kuma Bilkisu, a gidan mijinki kin ce wai rage ma'aikata aka yi, don ki rufa min asiri. Allah ya yi miki albarka, amma ƙarya kika yi. Ni Sallau Dizal ban taɓa barci a bakin aiki ba, in ban da gyangyaɗi, shi kuwa gyangyaɗi ko ladan yana taɓawa. Kuma ba a rage kowa ba, ni kaɗai aka tsince aka yar kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Abin da ya kore ni waƙa ce, waƙar wata tsohuwa daga ƙasar Iceland, wadda har yau ban san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba.

Amma kafin in kai ga wannan tsohuwar sai na fara gabatar muku da ɗaya tsohuwar, wato Gwaggo. Gwaggo janareta ce. Ba irin ƙananan nan na masu aski ba, a'a, girmanta ya kai ciki da falo, kuma na rantse ta girmi mai kamfanin da kansa. Shekara goma sha bakwai ina yi mata hidima, ni ke ba ta mai, ni ke share mata majina, ni na san tarinta na lafiya da na ciwo. Halinta ɗaya ne: in tana tafiya, to sai ta shekara ba ta tsaya ba, amma in ka kuskura ka bar ta ta huce, ko sarkin maƙera ka kira ba za ta tashi ba. Dokar da na gada daga wanda na karɓi aikin a hannunsa ita ce kada Gwaggo ta yi shiru ya wuce rubu'in awa. Ko an kawo wuta ba ma kashe ta, sai dai mu bar ta tana gunaguni a hankali. Ita ke juya manyan durom-durom na katako waɗanda ake zuba fatu a ciki da ruwan magani ko rini. In durom ya tsaya da fata a cikin rini, launi zai kwanta a gefe guda, fatar ta fito dabbare-dabbare, ba mai saye. Duk wanda ke Challawa ya san wannan, ni kuwa na fi kowa sani. Ku riƙe wannan.

Ƙarar Gwaggo da durom-durom ɗin nan, wanda bai yi aiki a wurin ba ba zai gane ba. Ba ƙara ba ce da kunne ke ji, ƙara ce da haƙori ke ji. Mu duk ma'aikatan ba mu iya magana ba, ihu muka iya. Mutum zai tambaye ka ya iyali kamar yana kiran ɓarawo. Har gulma da ihu muke yin ta, hankali kwance, don ko ka buɗe maƙogwaro iya ƙarfinka, wanda ke taku uku daga gare ka ba abin da zai ji. In na dawo gida na ce a ba ni ruwa, sai Ummanku ta dafe ƙirji.

"Malam, ga ni a gabanka fa, ba a Hotoro nake ba."

A shekarar da nake ba ku labari, mai kamfani ya jiyo wai akwai wata ƙasa can ƙarshen duniya inda rana ke yin fushi ta daɗe ba ta leƙo ba, kuma mutanen ƙasar suna jeme fatar kifi su yi jaka da takalmi. Sai ya ɗauko mana mutum guda daga can ya koya mana jimar fatar giwan ruwa. Mu da muke cinye fatar kifi har mu suɗe yatsa! Dogo ne, gemunsa kamar an tsoma a manja, sunansa kuwa sai ka yi tari sau biyu kafin ka kai ƙarshensa, saboda haka muka sa masa Ɗan Ƙanƙara. Mutumin kirki ne. Zafin Kano ya mayar da shi ja kamar tattasai, bai taɓa ƙorafi ba. Ya tsinci yaren Hausa kaɗan-kaɗan, yana cin ɗanwake da hannu, kuma kullum da rana sai ya zo ɗakin Gwaggo ya zauna a kan garwa, wai ƙararta tana tuna masa da jirgin kamun kifin babansa. Da haka muka saba.

Ana saura mako guda ya koma, mahaifiyarsa ta zo ganin inda ɗanta ya yi wata takwas yana narkewa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, in ta tsaya kusa da shi sai ka rantse shi ya haife ta, kanta fari fat kamar kaɗa. Nan take muka sa mata Iya. Ta taho masa da wani dogon akwati siriri mai tsirkiya uku, ana goga shi kamar goge, sai dai a kan tebur ake kwantar da shi. Ɗan Ƙanƙara ya ja ni waje, nesa da Gwaggo, muka haɗa Hausarsa da Turancina muka fahimci juna. Ya ce a ƙauyensu, in sanyi ya rufe ƙofa, mutanen gida kan taru a ɗaki ɗaya suna aikin ulu, wani babba yana rera musu dogayen waƙoƙi na kaka da kakanni. Ya ce waɗanda suka iya su a ƙauyen sun ƙare saura uwarsa. Tana so ta rera wa mutanen da suka ciyar da ɗanta, don ba ta da wata godiyar da ta fi wannan. Ko za a samu ɗan wuri?

"Wuri? Ka bar min komai," na ce masa. "Ni da ka gani, ba a yin taro daga nan har Sharaɗa ba da hannuna ba."

Taron da na taɓa haɗawa a duniya shi ne na sunan Sani, shi ma shinkafar ba ta isa ba. Amma baki ya riga ya fita. Na samu Manaja ya yarda a yi a ɗakin cin abinci, bayan La'asar, lokacin da masu aikin safe ke tashi masu aikin yamma ke shigowa. Na aro lasifika. Sannan na shiga gayya, kuma kun san ubanku da gayya. Na ce wa masu rini mawaƙiyar Turai ce ta zo, wadda in ta buɗe baki kifi ke fitowa daga teku ya jeru. Na ce wa masu kankare gashi za a yi rawa har ƙasa ta tsage. Na ce wa direbobi akwai lemo. Ranar da safe ina saka hulata mai aiki, Ummanku tana kallona.

"Malam, kai dai da baki. Ka ma taɓa jin waƙar tata?"

"Ba sai na ji ba. Waƙa ai waƙa ce."

"To Allah ya sa bakin nan kada ya kai ka inda ƙafa ba za ta iya dawo da kai ba."

Ranar kwana uku ke nan ba a kawo wuta ba, duk kamfanin a wuyan Gwaggo yake. Durom uku cike suke da fatun awaki a cikin jan rini, odar wasu mutanen ƙasar waje, Manaja kuma ya yi ta nanata cewa ko ƙuda kada ya sauka a kansu. Ɗakin cin abincin namu kuwa bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin Gwaggo, abin da ni mai haɗa taro daga nan har Sharaɗa ban yi tunaninsa ba. Mutum wajen sittin suka cika benci, wasu a taga. Manaja yana gaba a kan farar kujera, ya sha babbar riga, ga gemun nan nasa baƙi wuluk yana sheƙi, mutumin da ya haura sittin. Na riƙe makirufo na yi wa Iya kirari, na miƙa mata. Lasifikar ta yi wani irin kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Iya ta toshe kunne, ta ture makirufon da bayan hannu, ta ce wa ɗanta wani abu. Ya ce min wai waƙar ba ta bi ta cikin ƙarfe, daga baki sai kunne.

Ya kwantar da akwatinsa a kan tebur ya fara gogawa. Ita kuma ta gyara zama, ta rufe ido, ta buɗe baki.

Ba abin da ya fito. Wato yana fitowa, amma Gwaggo tana cinyewa tun kafin ya bar leɓenta. Muna ganin hannun Ɗan Ƙanƙara yana kai da kawowa, muna ganin bakin tsohuwa yana buɗewa yana rufewa kamar tarwaɗa a bokiti. Mutane suka fara kallon juna. Direbobi suka fara neman inda aka ɓoye lemo. Can baya wasu samari suka fara dariya, ɗaya ya rufe ido yana kwaikwayon bakinta, sauran suna faɗuwa a kan juna. Sai Iya ta buɗe ido. Ta gan su sarai. Amma ba ta daina ba, ta sake rufe ido ta ci gaba da waƙar da ba mai ji.

'Ya'yana, na sha jin kunya a duniya, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Uwar wani ce fa. Ta ƙetaro teku da ƙafafunta masu ciwo don ta ce mana mun gode, ni kuma na tara mata 'yan kallo suna yi mata dariya a gaban ɗanta. Ban yi shawara da kowa ba. Na zame ta bayan benci na shiga ɗakin Gwaggo, na dafa ta, da zafinta da komai.

"Gwaggo," na ce mata, "tsofaffi biyu ba sa magana lokaci guda. Ke 'yar gida ce, ita baƙuwa. Rubu'in awa kawai, don girman Allah."

Na duba agogona, na ja hannun kashewa.

Shirun da ya sauko a kamfanin nan, sai da na ji kamar an cire min hula an zuba min ruwan sanyi. Durom-durom suka yi juyi ɗaya, biyu, suka tsaya. Fanka ta tsaya. Ina shigowa ɗakin cin abinci, Manaja ya riga ya fara miƙewa, ya dafa hannun kujera, bakinsa a buɗe zai yi tsawa. Amma akwai wanda bai san an yi shiru ba, shi ne Ado, helman masu rini, wato shugabansu, wanda ke tsakiyar gulma da maƙwabcinsa irin yadda muka saba yi. Muryarsa ta cika ɗakin har ta fita ta taga:

"Ai ba baƙin Allah ba ne, rinin kamfani yake ɗiba yana shafa wa gemun nan!"

Ido ɗari da ashirin suka juya suka sauka a kan gemun Manaja. Har Ɗan Ƙanƙara, da 'yar Hausarsa, sai da ya leƙa. Ado ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama, ya zame ƙasan benci a hankali kamar jiƙaƙƙiyar fata. Shi kuwa Manaja, da yake rabi a tsaye rabi a zaune, ya ga in ya ƙarasa miƙewa gemun ne zai fara gaisawa da jama'a, sai ya koma ya zauna ya tallafe haɓa da hannu biyu kamar mai zurfin tunani. Na durƙusa kusa da shi na yi masa raɗa, raɗa irin tamu ta Challawa, wadda maigadi ya ji a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, rubu'in awa kawai. Ba za ta huce ba."

Ya nuna min agogon hannunsa da ido. A cikin wannan shirun Iya ta sake ɗauko waƙarta daga farko.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ganga, ba kalangu, ba 'yan amshi, ba inda mutum zai sa ƙafa ya taka. Akwatin nan yana wani dogon nishi guda ɗaya kamar iska a bakin tulu, muryar tsohuwa kuma tana tafiya a kansa a hankali, ta hau kaɗan, ta sauko, ta ja ƙarshen baiti har ka ce numfashinta ya ƙare, sai ta ɗora wani. Masu jiran rawa suka sauke kafaɗa. Wanda ya yi kwaikwayo ya sunkuyar da kai. A tsakanin baiti da baiti muna jin abubuwan da ba mu taɓa sanin akwai su a Challawa ba: kurciya a kan rufi, kwaɗi a magudanar ruwa, da cikin wani direba da ya ƙi cin abincin rana saboda lemo.

Da ta kai ƙarshe ta yi shiru, ba wanda ya motsa. Sai Malam Mamman, dattijon da ya fi kowa shekaru a cikin masu kankare gashi, mutumin Damagaram, ya share ido da hannun riga, ya ɗaga hannuwa sama.

"Jama'a, ba a gaya mana rasuwa aka yi musu ba. Allah ya ba su haƙuri, ya sa mu cika da imani."

"Amin," ɗaki ya amsa gaba ɗaya, aka shafa.

Kafin in ce wani abu an yi layi. Kowa ya zo ya kama hannun Ɗan Ƙanƙara da hannu biyu, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, sai haƙuri. Mata suka durƙusa gaban Iya suna girgiza kai. Har Ado ya fito daga ƙasan benci ya bi layi, yana kauce wa wajen Manaja. Ɗan Ƙanƙara yana ta amsa "yauwa, yauwa" fuskarsa cike da murna, ya ɗauka haka ake yaba waƙa a Kano. Sai da Malam Mamman ya tambaye shi ko mahaifinsa ne ya rasu, da kuma yaushe ne sadakar bakwai, sannan ya gane.

"A'a, Malam, ba mutuwa. Wannan waƙar biki. Mutum ya yi aure, yana murna ƙwarai."

Malam Mamman ya sake shi, ya ja da baya taku ɗaya.

"Wannan ce ta murnar?"

"Ita ce."

"To don Allah ka roƙi Iya kada ta yi mana ta mutuwar, akwai masu hawan jini a nan."

Ɗaki ya fashe. Da ɗanta ya fassara mata, Iya ta yi dariya har tana dukan tebur, hawaye na zuba, ta nuna Malam Mamman da yatsa tana faɗin wani abu da na tabbata ba addu'a ba ce. Ni kuwa na duba agogo. Minti goma sha uku. Na ce alhamdu lillahi, an fita kunya, an yi waƙa, an yi ta'aziyya, an yi dariya, saura in tayar da Gwaggo kowa ya kama gabansa. Na nufi ƙofa. Har na kama mariƙin sai na ji Ɗan Ƙanƙara ya kira sunana.

"Sallau, Iya ta ce ta gode wa wanda ya sa injin ya yi shiru. Ta ce yanzu za ta yi wadda uwarta ta koya mata. Tun da uwarta ta rasu ba ta yi ta a gaban mutane ba. Ta ce taka ce."

"Madalla. Tsawonta fa?"

Ya tambaye ta, ya juyo yana murmushi.

"Baiti sittin kawai."

Na dubi Manaja. Ya saki gemu ya ɗaga hannu yana ƙwanƙwasa gilashin agogo da farce. Na dubi Iya, ta riga ta rufe ido. Na ce a raina bari in ji baiti ɗaya don ladabi, in sulale.

Wannan ba irin ta farko ba ce. Ɗanta bai taɓa akwatin ba, muryarta ce kaɗai, kuma tana da wani ɗan rangaji, gaba, baya, gaba, baya. Ba ta kai baiti na uku ba sai Baba Kande mai dafa mana abinci, wadda ke tsaye da ludayi a bakin madafa, ta ce a hankali, karo na farko da na ji wani ya yi magana a hankali a kamfanin nan:

"Wallahi waƙar niƙa ce."

Ita ce kuwa. Ko a ƙasarsu me suke yi da ita, niƙa ko saƙa ko tuƙa jirgi, oho, amma waƙar mace ce da hannunta ke aiki bakinta na rage mata hanya. Baba Kande ta fara rangaji tana amsawa da hanci, sauran matan suka ɗauka, Iya ta ji su, ba ta buɗe ido ba, ta dai ɗan buɗa musu wuri a ƙarshen kowane baiti. Ni kuma ina tsaye riƙe da ƙofa sai ga kakarku, wadda ba ku sani ba, a durƙushe gaban dutsen niƙa a gidanmu na bakin kogi, tun kafin a kafa tubalin kamfani ko ɗaya a gonakin nan. Shekara arba'in ban tuna muryarta ba. Ashe tana nan, ƙara ce ta danne ta.

Nan ne nake so ku buɗe kunne, don nan ne masu ba da labarina suke yi min alfarmar da ban roƙa ba. Kada wani ya ce muku mantawa na yi. Ban manta ba. Na ga minti goma sha biyar ya cika. Na ga ashirin. Ta cikin bango ina jin ƙarfen Gwaggo yana ƙas, ƙas, yana hucewa, kuma na san kowane ƙas abin da yake nufi. Na san jan rini yana kwanciya a kan fatun mutane. Na san ku biyar ne a gida lokacin, ga na shida a hanya. Taku goma ne tsakanina da hannun kunnawa. Amma in na taka su, Gwaggo za ta yi tari ta rufe bakin tsohuwar nan a tsakiyar waƙar uwarta, waƙar da aka ce tawa ce. Na saki ƙofa, na zauna a ƙasa, na juya wa Manaja ƙeya. Ya yi ta gyaran murya har ya gaji. Shi ma dai bai tashi ya katse ta ba, ku rubuta masa wannan.

Ta sauke baitin ƙarshe daidai lokacin da aka kira Magariba a ƙauyen da ke bayan katanga. Shekara goma sha bakwai da agogo muke sanin lokacin salla a wurin nan, ranar muka ji da kunnenmu. Ba wanda ya tafa, ba mu san ko ana tafawa ba. Malam Mamman ne ya ce, "To, wannan kam ta kai," Iya ta miƙe ta kama hannuna da nata hannuwan biyu, masu sanyi kamar randa, a cikin zafin nan.

Muka yi salla, na shiga wurin Gwaggo. Na lallaɓa ta, na yi mata kirari, na kira ta da sunayen da ban taɓa kiran Ummanku da su ba. Ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Aka kawo batirin babbar mota, aka haɗa da na wata, aka ɗauko bakanike daga Bompai, ya zo ya zagaya ta yana tsaki. Kwana uku tana fushi. Da aka buɗe durom-durom, fatun suka fito ja a nan, fari a can, ɗorawa a tsakiya, kamar an jeme kuraye. A rana ta huɗu Gwaggo ta tashi, a ranar kuma aka ce Manaja yana kirana. Ɗan Ƙanƙara ya riga ni shiga yana ta roƙo, ya ce laifinsa ne, ya ce a ɗora masa. Manaja ya ce masa wannan maganar gida ce, ya raka shi ƙofa da mutunci, ya dawo ya zauna.

"Sallau, wa ya ba ka izinin kashe injin?"

"Ranka ya daɗe, kunya ce ta ba ni."

"Na rubu'in awa ta ba ka. Sauran fa?"

Na sunkuyar da kai. Ni da ba a taɓa rufe min baki ba tun daga Sharaɗa har Bompai.

"To ka je kunyar ta ba ka aiki," ya ce, ya turo min takarda.

Ba zan zage shi a gabanku ba. Fatun ba nawa ba ne, ba nasa ba ne, kuma mutum fiye da ɗari sun yi kwana uku a zaune saboda ni. Da ni ne a kujerarsa, da na kori kaina tun ranar farko. Na shiga na yi wa Gwaggo sallama, ba ta ko rage murya ba, 'yar butulci.

Na isa gida da azahar, lokacin da ban taɓa dawowa ba. Ummanku tana tsakar gida tana tankaɗe, da tsohon ciki. Ta dubi takardar hannuna, ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni ko mece ce ba. Na zauna a kan turmi na kwashe komai na gaya mata, da kwaikwayon samari, da gemun Manaja, da ta'aziyyar Malam Mamman, da baiti sittin. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, abin da ya sa ta gane lamarin babba ne. Ta ci gaba da buga rariya.

"Aikin shekara goma sha bakwai," ta ce, "ka ba da shi a kan waƙar da ba ka san me take cewa ba."

"Haka ne."

"Ga yara biyar, ga wannan."

"Haka ne."

Ta ajiye rariyar ta kakkaɓe hannu.

"Tsohuwar ta gama waƙar tata?"

"Ta gama."

"Har ƙarshe? Ba ka tayar mata da injin a ka ba?"

"Har baiti na sittin."

"To da sauƙi. Da ka katse ta, kuma aka kore ka, da asara biyu ka kawo min." Ta yunƙura ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da tsohuwar jakar sifanuna ta dire a gabana. "Gobe da sassafe ka tafi bakin titin Na'ibawa ka nemi inuwa ka zauna. Garin nan kowa janaretansa ba shi da lafiya. Amma Malam, don Allah ka riƙe abu ɗaya: can tayarwa ake kawo maka, ba kashewa ba."